Iyakar 'yancin makami mai sarrafa kansa

A majalisun Birnin Kebbi ana yawan cewa makamai masu linzami na kakkaɓe jiragen ruwa, irin LRASM na Amurka, su ke zaɓar wanda za su hallaka, tunda ana kiransu masu sarrafa kansu. Wannan fahimta tana damuna. Mutum ne ke harba makamin, bayan an loda masa yankin da zai bincika da siffar jirgin da ake nema. A hanya kawai yake da 'yanci: ko an toshe GPS, yana bin siginar radar abokan gaba, sannan kyamarar gano zafi ta gwada jirgin da hotunan da aka adana masa. Wannan tantancewa ce tsofaffin makamai suka rasa. A 1982, makami mai linzami Exocet na Ajantina ya faɗa wa jirgin dakon kaya na Birtaniya mai suna Atlantic Conveyor, domin radar makamin ba ta bambance shi da jirgin yaƙi ba.