Ɗan majalisar jiha da ya daɗe a kujera: wane hisabi za mu yi masa?

Duk sanda zaɓe ya ƙarato sai wannan musun ya dawo, a teburin mai shayi da kuma nan Facebook. Wani ya ce onarabul ya isa haka, zango huɗu ai ba gadon gidansu ba ne. Wani ya ce a ƙyale shi, tsohon hannu ne, ya san ƙofar gidan gwamnati. A ganina dukkansu da mudun da bai dace ba suke awo. Yawan shekaru a majalisar dokokin jiha abu ɗaya tak yake tabbatarwa: mutumin ya iya riƙe tikitin jam'iyya. Ko ya iya aikin majalisa, wannan akwai takardun da ake dubawa, kuma kusan babu mai duba su.

Kujerar kakaki ta fi fito da abin fili. A Borno, Abdulkarim Lawan mai wakiltar Guzamala yana kanta tun zangon farko na Kashim Shettima, ya ga ƙarshen mulkinsa, ya shiga na Babagana Zulum, a 2023 aka sake zaɓarsa. A Kano kuwa, cikin shekara takwas na Ganduje kaɗai, Kabiru Alhassan Rurum ya hau a 2015 ya sauka a 2017, Yusuf Abdullahi Ata ya karɓa aka tsige shi a 2018, Rurum ya dawo, Abdul'aziz Garba Gafasa na Ajingi ya hau a 2019 ya ajiye a Disambar 2020, Hamisu Chidari ya ƙarasa zangon. Gafasa kuma ba baƙon kujerar ba ne, shi ya riƙe ta daga 2007 zuwa 2011 zamanin Malam Ibrahim Shekarau. Duk wannan gogewar, shekara ɗaya da rabi ya yi a hawansa na biyu.

Me ya sa sauke kakaki yake da sauƙi haka? Sashe na 92 na tsarin mulkin 1999 bai nemi komai ba sai ƙuri'ar kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa. A majalisa mai mutum 40 kamar ta Kano, mutum 27 ke nan. A mai mutum 24, mutum 16. Ba a kafa kwamitin mutum bakwai, ba a jiran alƙalin alƙalai, ba a ba shi watanni ya kare kansa kamar yadda sashe na 188 ya tanadar wa gwamna. Takarda ce ake zagayawa da ita da daddare a sa hannu, gari na wayewa a ɗauko sandar majalisa a zauna. A Legas an yi wa Mudashiru Obasa haka ranar 13 ga Janairun 2025 yana ƙasar waje, bayan ya kusa cika shekara goma yana kakaki. Mojisola Meranda ta hau, kwana 49 ta sauka, ya koma kujerarsa ranar 3 ga Maris bayan manyan jam'iyya sun shiga tsakani. Su waɗannan 'yan majalisar da suka ture shi su ne suka sake zaɓarsa. Wanda ya ga wannan ya san ba a zauren ake yanke hukuncin ba.

Yanzu ga yadda ake daɗewa. Tsarin mulki ya taƙaita wa gwamna zango biyu, ɗan majalisa kuwa bai sa masa iyaka ba. Sharaɗin tsayawa ma ba nauyi: shekara 25 tun gyaran 2018, karatu daidai da sakandare, da jam'iyyar da za ta tsayar da shi. A nan na ƙarshen ƙurar take. A 2022 fom ɗin APC na majalisar jiha naira miliyan 2 ne, kuma shi ne mafi arha cikin abin da ɗan takara zai kashe. A lokacin, idan zaɓen fidda gwani na daliget ne, kowace mazaɓa takan kawo mutum uku ko biyar gwargwadon tsarin jam'iyya, don haka a ƙaramar hukuma mai mazaɓu goma ko goma sha ɗaya, mutum talatin zuwa hamsin da 'yan kai ne ke yanke wa dubban jama'a wanda za su gani a takardar ƙuri'a. Tsohon ɗan majalisa ya san wannan, shi ya sa aikinsa na gaske yake farawa tun ranar zaɓen shugabannin jam'iyya na mazaɓu, shekara guda ko biyu kafin kowa ya manna fosta. Sabon ɗan takara yana can yana buga kalanda, wancan ya riga ya dasa ciyaman da sakatare da shugabar mata a kowace mazaɓa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai masalaha, wato a daidaita a kan ɗan takara ɗaya ba tare da an fafata ba. Dokar zaɓe ta 2022 ta ce ba a yin ta sai duk 'yan takarar da aka tantance sun rubuta da hannunsu cewa sun janye. A aikace kira ake yi zuwa gidan gwamnati cikin dare, a ce mai girma gwamna ya roƙi alfarma, a yi wa wannan alkawarin mai ba da shawara, wancan na kantoma. Wanda ya ƙi, daliget ɗinsa kan bi iska kafin asuba.

Ranar zaɓen ma ba shi kaɗai yake tafiya ba. A yawancin jihohi zaɓen majalisar jiha rana ɗaya ake yi da na gwamna, mai ƙuri'a kuma sau da yawa sak yake yi. Guguwa in ta taso ba ta tambayar wa ya yi aiki. Mun gani a Kano a 2023, mun gani a jihohin Arewa da dama a 2015. Don haka wanda ya daɗe, ko dai jiharsa ba ta taɓa sauya hannu ba kamar Borno, inda tun 1999 gida ɗaya ke mulki daga APP zuwa ANPP zuwa APC, ko kuma ya iya shinshino iska ya sauya sheƙa a kan lokaci. Sashe na 109 ya ce wanda ya bar jam'iyyar da ta kawo shi ya rasa kujerarsa sai in jam'iyyar ta rabe, amma kakaki ne zai ayyana hakan, kuma galibi da kakakin ake tafiya. A yankunan da ƙananan hukumomi biyu suka haɗa kujera, irin su Kura da Garun Malam ko Bagwai da Shanono, akwai ƙarin rigimar karɓa-karɓa, kuma ita kaɗai kan kayar da mai ci.

Sai ƙofar gida. Ka je gidan ɗan majalisa bayan sallar asuba ranar Asabar. Tabarma cike, wannan riƙe da takardar magani, wannan da rasit ɗin makarantar yaro, wannan da katin ɗaurin aure, matasan unguwa sun zo maganar taransifoma da ta ƙone, yaron onarabul yana tsaye da littafi yana rubuta sunaye. Ranka ya daɗe, haihuwa aka yi. Ranka ya daɗe, rasuwa aka yi. Ba na raina wannan, wanda matarsa ke kwance a asibiti ba sashen doka yake nema ba. Amma kuɗin wannan tabarmar albashi ba ya ɗaukarsa. Daga alawus yake fitowa, da ayyukan mazaɓu, da kwangilar rijiyar burtsatse, kuma makullin duk waɗannan yana hannun ɓangaren zartarwa. Mu da muke cika tabarmar mu ne muke ƙara ɗaure shi a jikin gwamna, sannan mu dawo mu kira shi ɗan amshin shata.

To mene ne aikin da aka zaɓe shi ya yi? Majalisa za ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Gwamna ba ya taɓa ko kwabo daga asusun jiha sai da dokar kasafi. Kwamishina ba ya kama aiki sai ta tantance shi, duk da cewa tantancewar ta koma "ya rusuna ya wuce". Sashe na 128 da na 129 sun ba ta ikon bincikar yadda aka kashe kuɗin da ta amince da su, ta kira kowa, in ya ƙi zuwa ta sa a kamo shi. Sai wanda na fi so a riƙe, sashe na 125: babban mai binciken kuɗi na jiha zai miƙa rahotonsa ga majalisa cikin kwana 90 da karɓar lissafin babban akanta, majalisa kuma ta tura wa kwamitin asusun gwamnati. A cikin wannan rahoton ake ganin kuɗin da aka fitar ba takardar shaida, da aikin da aka biya ba a yi ba, da harajin da aka karɓa bai shiga asusu ba. Abin da ke lalacewa shi ne rahoton ya iso a makare, kwamiti ya ajiye shi har shekara ta zagayo, in an zo dubawa babban sakataren da ya sa hannu ya yi ritaya. Sabon ɗan majalisa yana da uzuri, yakan cinye shekara biyu kafin ya iya karanta kundin kasafi ya bambance kuɗin da aka ware da wanda aka saki. Mai zango huɗu ba shi da wannan uzurin. Ya ga aikin hanya ɗaya ya fito a kasafi sau biyar, ya san lambarsa.

Dokar masarautun Kano ta nuna abin da rashin tsayawa kan ƙa'ida ke jawowa. A Mayun 2019, cikin kwana uku aka karanta, aka amince, gwamna ya sa hannu ranar 8 ga wata, aka ƙirƙiro Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye. A Nuwamba babbar kotun jiha ta rushe dokar saboda ba a bi matakan da suka dace ba. A Disamba aka sake yin ta, ita ma cikin 'yan kwanaki. Ranar 23 ga Mayun 2024 majalisa ta soke ta, gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a ranar. Ko kana goyon bayan masarauta ɗaya ko biyar, ba shi nake magana a kai ba. Ƙuduri yana da karatu na ɗaya, da na biyu inda ake muhawara, da zaman kwamiti inda ake jin ra'ayin jama'a, da karatu na uku. Duk sanda aka dunƙule waɗannan cikin kwana biyu ko uku, kotu ce ke gadar aikin, kuma Kano ta ga hakan da idonta. A irin wannan rana ake buƙatar tsohon hannu ya miƙe ya ce ya mai girma kakaki, a tura wa kwamiti, a ba shi mako uku.

Za a ce majalisa ba ta da 'yancin kuɗi, ko man janareta sai an rubuta wa gwamna. An yi wannan zamanin, har ma a gyaran tsarin mulki na 2010 majalisun jihohi da kansu suka ƙi amincewa da 'yancin nasu. Amma an sa shi a 2018, an ƙara fayyace shi a gyaran da Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023. Inda ba a aiwatar ba, su waɗanda suka fi daɗewa ne ya kamata su fi kowa bayanin dalili.

Ba na cewa daɗewa ba ta da rana. Abdulkarim Lawan ya sha fitowa ya faɗa a bainar jama'a cewa mutanen Guzamala ba su koma gidajensu ba saboda rashin tsaro, a lokacin da jami'ai suka fi son a ce komai ya lafa. Ɗan zango ɗaya da ke lissafin tikitin gobe da wuya ya furta haka. Wanda ya kafu yana da bakin magana, shi ya sa shirunsa ya fi na sabo tsada.

Wahalar ita ce yawancin ƙuri'un majalisa da murya ake yi, masu cewa e su ce e, kakaki ya buga guduma, ba a rubuta wa ya ce me. Kiranye kuma sai an tara sa hannun fiye da rabin masu rajista a yankin, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90, abin da ya fi ƙarfin ƙungiyar unguwa. Abin da ya rage shi ne takardun da akawun majalisa ke ajiyewa: jadawalin zama da kundin abin da aka zartar kowace rana. Jihohi da dama kuma suna sa rahoton aiwatar da kasafi na kowane wata uku a shafinsu na intanet. In onarabul ya zo neman zango na biyar, a buɗe masa shafin ƙaramar hukumarku, a nuna masa layin asibitin da aka ware wa kuɗi ba a saki ba, a tambaye shi wane kwamiti yake ciki, kuma rahoton mai binciken kuɗi na wace shekara ce majalisarsu ta duba na ƙarshe.