Jaririn da aka haifa yau ba zai biya fanshon gobe ba

A shekarar 2024 kamfanin Oji Holdings na Japan ya sanar cewa zai daina yin ƙunzugun jarirai domin kasuwar cikin gida, ya koma kan na tsofaffi. Ɗan kasuwa ba ruwansa da jawabin minista, masu saye yake ƙirgawa. Ya duba ya ga kusan kashi 29 cikin 100 na mutanen Japan sun kai shekara 65, ya bi inda kuɗi suke.

Kafin al'umma ta riƙe yawanta, sai kowace mace ta haifi 'ya'ya 2.1 a matsakaicin lissafi. A Koriya ta Kudu adadin ya faɗi zuwa 0.72 a 2023. A sauƙaƙe, mutum 100 za su bar 'ya'ya 36, su kuma su bar jikoki 13.

Inda gizo ke saƙar shi ne fansho. Mutane da yawa sun ɗauka abin da ake cirewa daga albashinsu ana ajiye musu ne a wani asusu har su tsufa. A yawancin ƙasashen Turai ba haka abin yake ba: kuɗin da aka cire wa ma'aikaci wannan watan, da shi ake biyan tsoho wannan watan. Lokacin da Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus na wancan zamanin, ya kafa tsarin fansho a ƙasar a 1889, sai mutum ya cika 70 yake karɓa, kuma kaɗan ne ke kaiwa. Yanzu masu karɓa sun yawaita, suna kuma daɗewa, masu zubawa na raguwa. Ga kuɗin asibiti, ga masu jinya da ake nema ruwa a jallo.

Gwamnatoci sun fi son magani mai daɗin ji, wato a biya mutane su haihu. Hungary ta yafe wa uwa mai 'ya'ya huɗu harajin albashi har ƙarshen rayuwarta. China, wadda ta shafe shekara 35 tana hana haihuwar ɗa na biyu, ta halatta uku a 2021, amma a 2022 yawan jama'arta ya ragu, karon farko tun 1961. Ban ce tallafin ba shi da amfani ba. Sai dai matar da ta san ciki zai iya raba ta da aikinta, ga kuɗin haya ya cinye rabin albashi, ba 'yar kyautar suna ce za ta sauya mata shawara ba. Ko ma ta sauya, jaririn ba zai fara biyan haraji ba sai bayan shekara 20, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya rage, ba mai daɗi a ciki: a ƙara shekarun aiki, a ƙara haraji, ko a buɗe wa baƙi ƙofa. Da shugaban Faransa Macron ya ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64 a 2023, Faransawa sun cika tituna, shara ta taru a Paris saboda yajin aiki. Ina ganin masu sharar na da gaskiya ta wani ɓangare, domin shekara biyu a kujerar ofis daban take da shekara biyu a bayan motar shara. Doka ɗaya ga kowa a nan zalunci ce.

Na baƙin ne ya fi ɗaure mini kai. Ɗan siyasar da ke alƙawarin ba zai taɓa fansho ba, sau da yawa shi ne ke alƙawarin rufe iyaka, alhali ma'aikaciyar da ke juya tsohuwar mahaifiyarsa a gadon jinya daga wata ƙasa ta zo.