Jerin naku bai leƙo Agege ba

Na karanta jerin finafinai da waƙoƙin da kuka ce sun fi tashe a bana, amma kamar ba ku leƙo Agege ba. Mu nan Legas wa ke da lokacin sinima? Ni duk kallona a waya na yi shi, cikin danfo, wato motar haya ta Legas, in gosulo ya riƙe mu a Oshodi. Finafinan Kannywood masu dogon zango na YouTube su suka cinye min data, ko da yake wasu jan labarin ya yi yawa, sati uku ana rigimar kishiya ɗaya. Waƙa kuwa, mai shayin layinmu har yau Shata yake saka mana da asuba, mutumin da ya rasu tun 1999, kuma bencin mai shayin ba ya rabo da jama'a.