An Toshe Shafukan Caca, Saura Mu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan uwa, duk sanda wata gwamnati ta sanar da toshe shafukan caca a intanet, sai jama'a su rabu biyu: masu hamdala da masu cewa an fara take haƙƙin mutane. Ni ina cikin masu hamdala, amma kada mu yi saurin kiran ɗaya ɓangaren 'yan caca. Wasunsu suna da magana.

Hukuncin caca ba ya buƙatar doguwar muhawara. A Suratul Ma'ida, aya ta 90, Allah Ya jera ta tare da giya da gumaka da kiban ƙuri'a, Ya kira su ƙazanta daga aikin Shaiɗan. Aya ta 91 ta faɗi abin da Shaiɗan ke nema da ita: jefa gaba da ƙiyayya tsakaninmu, da kange mu daga ambaton Allah da salla. Wallahi muna ganin fassarar ayar nan da idonmu. Matashi yana sallame salla, ko tasbihi bai yi ba, ya zaro waya don duba ko tikitinsa ya yanke. Ya ci sau ɗaya, an cinye shi sau goma, amma wannan ɗayan kaɗai yake ba abokai labari. Daga nan sai rance, sai ƙarya ga iyaye, sai taɓa kuɗin amana da niyyar "zan mayar idan na ci". Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sanya jarabar caca cikin jerin cututtuka. A Indonesiya, hukumar bin diddigin hada-hadar kuɗi ta ce abin da ya zagaya a cacar intanet a 2023 ya kai rupiya tiriliyan 327. Shugaban da ya ga irin wannan ya rufe ƙofa bai yi laifi ba. Malamai suna kiran wannan saddudh dhari'a, wato toshe hanyar da ke kai wa ga ɓarna.

Sai dai toshewa ba ta yi wa kowa tuba. Ana rufe shafi yau, gobe ya dawo da sabon adireshi, kuma yaron da ya kamu ya san VPN, wato manhajar zagaye toshewa, fiye da mai toshewar. Uwar Muminai Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ce, kamar yadda Bukhari ya ruwaito, da a ce abin da aka fara saukarwa shi ne "kada ku sha giya", da mutane sun ce ba za su taɓa barinta ba. Ambaton Aljanna da Wuta aka fara saukarwa, sai da zukata suka karkata ga Musulunci sannan halal da haram suka zo. Wannan aikin ba na ma'aikatar sadarwa ba ne. Na uba ne, na uwa, na malami, na aboki.

Sannan ga maganar masu fargaba. Makullin da ya rufe gidan caca zai iya rufe bakin mai gaskiya. A 2012 Rasha ta kafa jerin shafukan da za a toshe da sunan kare yara daga batsa da ƙwayoyi; zuwa 2014 an faɗaɗa ikon, aka toshe shafukan 'yan adawa. A Ostareliya kuwa, da jerin sirri na shafukan da hukumar sadarwa ta haramta ya fito fili a 2009, sai ga shafin wani likitan haƙori a ciki, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. Musulmi bai kamata ya raina wannan ba, domin Manzon Allah (SAW) ya ce mafificin jihadi shi ne kalmar gaskiya a gaban azzalumin shugaba. Idan babu inda za a faɗe ta fa? Don haka mu goyi bayan toshe caca, mu kuma nemi doka ta fayyace abin da za a toshe, a bayyana jerin ga jama'a, wanda aka zalunta ya samu kotun da zai kai ƙara. Mulki amana ne, kuma kowane makiyayi abin tambaya ne kan abin da aka ba shi kiwo.

Kai kuma ɗan uwana da manhajar caca ke cikin wayarka yanzu haka, kada ka jira gwamnati. A hadisin Bukhari da Muslim, wanda ya ce wa abokinsa "zo mu yi caca" an umarce shi ya yi sadaka, alhali furtawa kawai ya yi. Goge ta yau, ka fita daga zaurukan da ake turo maka wasannin "tabbas", ka faɗa wa wanda kake jin nauyinsa halin da kake ciki, ka fara biyan waɗanda ka ci wa kuɗi ko da kaɗan-kaɗan ne.

Allah Ya yaye wa waɗanda suka kamu, Ya ba shugabanni ikon yin adalci. Amin.