Digiri na biyu ga malamin soshiyal: me aka je karantawa?

A jihar Niyok ta Amurka, wanda ya fara koyar da darasin soshiyal a sakandare yakan soma ne da takardar shaida ta wucin gadi mai wa'adin shekara 5. Kafin wa'adin ya cika ana so ya samu digiri na biyu, ya kuma yi shekara 3 yana koyarwa, ɗaya daga ciki a ƙarƙashin kulawar gogaggen malami, sannan a ba shi cikakkiyar takardar ƙwarewa. Ƙasar Finland kuwa tun 1979 ta mayar da digiri na biyu sharaɗin zama malamin makaranta. Ina goyon bayan irin wannan tsari, amma da sharaɗi, domin ba kowane digiri na biyu ne ke ƙara wa malami abin da ɗalibansa za su gani a aji ba.

Darasin soshiyal kaya ne mai nauyi da aka ɗora wa mutum ɗaya. A cikinsa akwai tarihi, da labarin ƙasa, da tattalin arziki, da tsarin mulki da haƙƙin ɗan ƙasa. Malamin da ke ɗauke da shi galibi fanni ɗaya ya karanta a digirinsa na farko. Wanda ya yi tarihi, in aka zo bayanin hauhawar farashi sai ya riƙe littafi gam, yana karanta wa yara abin da shi ma jiya da dare ya fara gani. Yara kuma suna ganewa, ko ba su faɗa ba. To, a nan ne karatun gaba da digiri ke da amfani: ya cike wa malami giɓin da ya san yana da shi.

Sai dai abin da ke faruwa sau da yawa daban ne. Malami na aiki duk yini, ga maki da zai duba, ga iyali, ga wa'adi na matsowa. Sai ya nemi kwas mafi sauƙi kuma mafi arha, wanda za a gama da dare ta intanet, ya karɓi takarda ya miƙa wa hukuma. Ban ga laifinsa ba. An ce masa takarda ake so, ya kawo takarda. Masu sukar tsarin suna da hujja a nan, domin binciken da aka daɗe ana yi a Amurka bai nuna cewa riƙe digiri na biyu kaɗai na ɗaga sakamakon ɗalibai ba, in ban da inda malamin ya zurfafa a fannin da yake koyarwa, musamman lissafi. Jihar Karolina ta Arewa ma a 2013 ta soke ƙarin albashin da take ba sababbin masu wannan digiri. A ganina wannan jifan gafiyar Ɓaidu ne. Kamata ya yi a tambayi abin da aka karanta, kafin a yanke cewa karatun ba shi da daraja.

Abin da nake so a koya wa malamin soshiyal a wannan mataki shi ne yadda masana fannin suke aiki. A 1991 wani masani, Sam Wineburg, ya ba masana tarihi da haziƙan ɗaliban sakandare takardu iri ɗaya kan arangamar garin Lexington ta 1775, wadda ta buɗe yaƙin neman 'yancin kan Amurka. Masanan suka fara da duba wanda ya rubuta kowace takarda, da lokacin da ya rubuta, da abin da zai iya sa shi karkata. Ɗaliban kuwa suka fi amincewa da abin da littafin makaranta ya ce. Wannan ɗabi'ar ta tambayar "wa ya faɗa, kuma don me?" ita ce yaro ke bukata yau da labarai ke shigo masa ta waya dare da rana. Malamin da bai taɓa zama da tsofaffin takardu biyu masu saɓa wa juna ba, yaya zai koya wa wani ya auna su?

Akwai kuma abin da malamin lissafi ba ya fuskanta kullum: gardama. Zaɓe, addini, mulkin mallaka, yaƙin basasa, duk suna shigowa ajin soshiyal, kuma kowane yaro ya taho da abin da ya ji a gida. Jagorantar irin wannan muhawara ba tare da malami ya cusa ra'ayinsa ko ya tsere wa batun ba, sana'a ce da ake koyo, kuma an fi koyonta bayan mutum ya ɗanɗani aji. Shi ya sa na fi son tsarin da ke barin malami ya fara koyarwa kafin ya koma jami'a, don ya tafi da tambayoyinsa na gaske.

Hukumar da ta wajabta wannan digiri ita ma akwai nauyi a kanta. Ta rage wa malami darussa a shekarun da yake karatu, ta taimaka da kuɗin makaranta, sannan ta ƙi karɓar duk digirin da ba shi da kaso mai tsoka na tarihi, ko labarin ƙasa, ko tattalin arziki.