Tseren motocin sola: tsauraran dokoki ne suka ba gasar ɗalibai daraja

Daga Darwin zuwa Adelaide a ƙasar Ostiraliya tafiya ce ta kusan kilomita 3,000 a kan babbar hanyar Stuart, kuma galibinta cikin ƙungurmin daji da hamada. Tun 1987 ake gasar World Solar Challenge, wato tseren motoci masu aiki da hasken rana, a wannan hanya, yau kuwa ɗaliban jami'o'i ne suka mamaye ta. Masu suka kan tambaya, wa zai sayi mota mai kujera ɗaya wadda ba ta da ko wurin ajiye jaka? Babu mai saya, gaskiya ne. Amma amfanin gasar yana wani waje: ana tilasta wa matashin injiniya ya san inda kowane wat na wutarsa ya tafi, kuma dokokin da wasu ke kukan sun yi tsauri su ne ke koya masa hakan.

A duba lissafin. Daga gasar 2017 zuwa ta 2023, an ƙayyade wa motar tsere farantan sola na silikon masu faɗin murabba'in mita 4. Da tsakar rana, in sama ta yi garau, hasken da ke sauka kan murabba'in mita ɗaya ya kai wat 1,000, faranti mai kyau kuma yana mayar da kusan kashi 24 cikin ɗari zuwa lantarki. Ke nan a waɗancan shekarun motar ba ta samun abin da ya wuce kilowat ɗaya, kwatankwacin abin da dutsen guga ke sha. Da wannan ake gudun kilomita 80 zuwa 90 a awa.

Iska ce babbar mai cinye wutar. Ƙarfin da ake buƙata don keta ta yana ninkuwa sau takwas in aka ninka gudu sau biyu. Direban da ya ɗaga daga 80 zuwa 90 ya ƙara wa kansa kusan kashi 42 cikin ɗari na abin da iska ke ci, alhali lokacin da ya rage bai wuce kashi 11 ba. Shi ya sa ba direba ke yanke gudu ba. A motar rakiya da ke biye akwai masu lissafi, suna karɓar bayanan batir ta rediyo, suna duba hasashen gajimare da hawa da gangaren hanya, sannan su faɗa masa adadin da zai riƙe. Ƙungiyar da ta yi zalama da safe takan ƙare la'asar tana rarrafe da batir wayam.

Ana tuƙi daga ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma, a kwana inda lokaci ya cim ma mutum. Hasken kafin tashi da na bayan tsayawa ba a wasa da shi: ana karkata farantan su fuskanci rana kai tsaye don cika batir. Akwai kuma tsayawar dole ta minti 30 a garuruwa irin su Katherine, Tennant Creek, Alice Springs da Coober Pedy. Direban da bai kai kilo 80 ba ana cike masa da nauyi, don kada gasar ta koma neman ɗalibi mafi ƙanƙanta.

Abubuwan da ke kayar da ƙungiyoyi ƙanana ne. Ƙwayoyin sola, wato ƙananan sassan da ke haɗuwa su zama faranti, a jere ake haɗa su, don haka inuwar rufin direba ko kashin tsuntsu a kan ƙwaya ɗaya na iya rage wutar layin gaba ɗaya. Maganinsa shi ne a raba farantan gida-gida, kowane da tasa na'urar MPPT mai tatso iyakar wutar da zai iya bayarwa, a sa diyod da zai ba wuta hanyar kewaye ƙwayar da ta shiga inuwa. Zafi ma ɓarawo ne, domin silikon na asarar kusan kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin ɗari a kowane digiri da ya hau. Ƙafar motar da ta ɗan karkace tana cin wuta da taya a lokaci guda. Mahaɗar waya da ba a ɗaure da kyau ba kuwa, girgizar hanya za ta kwance ta a tsakiyar daji.

Duk lokacin da motoci suka fara gudu fiye da kima, masu gasar sukan matse doka. A 2005 motar Nuna 3 ta jami'ar Delft ta Holan ta yi matsakaicin gudun da ya ɗan haura kilomita 100 a awa, sai aka rage faɗin faranti. A 2025 aka mayar da gasar watan Agusta, lokacin hunturu a can, aka ba da damar faranti mai faɗin murabba'in mita 6 amma aka rage batir zuwa kusan kilowat-awa 3. Na goyi bayan wannan ɗari bisa ɗari. Ƙaramin batir ba ya rufa wa mummunan lissafi asiri, kuma yana rage fifikon da kuɗi ke ba manyan jami'o'i.

Inda nake ganin da sauran aiki shi ne tsaron rai. A 2019 iskar gefe ta kifar da motar jami'ar Twente tana kan gaba, sannan motar Delft ta ƙone ƙurmus saura 'yan ɗaruruwan kilomita ta isa Adelaide. Direbobin sun tsira, alhamdulillahi, ƙungiyar jami'ar KU Leuven ta Beljiyam kuma ta lashe gasar. Mota mara nauyi da ke gilmawa kusa da tirelolin da tsawonsu ya haura mita 50 tana cikin haɗari na gaske. Ya kamata gwajin jure iskar gefe ya zama sharaɗin shiga, kuma duk ƙungiyar da batirinta ya yi zafi ko motarta ta kife a wajabta mata wallafa cikakken rahoton abin da ya faru, domin ɗaliban da za su ƙera mota ta gaba su karanta kafin su fara zane.