Baƙin Janar mai anini huɗu na farko a Amurka, da abin da ya hana ni tafa masa

Daren jiya wani abokina ya turo min hoto ta WhatsApp. Wani ƙaton baƙar fata ne cikin kayan tuƙin jirgin yaƙi, yana tsaye gaban jirginsa, hankali kwance. A ƙasa abokin nawa ya rubuta: "Malam, ga namu, shi ne baƙin mutum na farko da ya ɗaura anini huɗu a sojan Amurka." Na ce masa naku dai. Muka kai ƙarfe ɗaya muna ja-in-ja, har cajina ya ƙare. Shi ya sa na ce bari in kawo maganar nan, kowa ya tofa albarkacin bakinsa.

Sunan mutumin Daniel James, amma duniya ta fi saninsa da Chappie. An haife shi a 1920 a Pensacola, jihar Florida, shi ne autan 'ya'ya 17. Garin nasu garin matuƙa jirgi ne, domin a nan sojan ruwan Amurka ke horar da nasu. Yaro ya tashi yana ɗaga kai yana kallon jirage, alhali a zamanin ko kusa da kujerar matuƙi ba a barin mai launinsa ya je. Mahaifiyarsa ta buɗe makaranta a cikin gidanta tana koyar da yaran baƙaƙe, kuma ana cewa ta ƙara doka guda a kan dokoki goma da Kiristoci ke karantawa, wato kada ka kuskura ka sare. Duk abin da zan faɗa a kansa nan gaba, wannan uwa na cire mata hula.

Ya yi karatu a Tuskegee, inda aka fara koya wa baƙaƙe tuƙin jirgin soja, ya zama hafsa a 1943. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare bai je fagen daga ba, yana gida yana horo da horarwa a rundunar da ta ware baƙi daban, fari daban, hatta wurin shan shayin hafsoshi. Sai a 1948 Shugaba Truman ya sa hannu a kan dokar da ta haramta wannan wariya. Daga nan hanya ta buɗe. A yaƙin Koriya ya fita kai farmaki sau 101, da farko a cikin jirgin Mustang mai farfela, daga baya a cikin jirgin F-80. Wanda bai san aikin ba zai ɗauka lamba ce kawai. Yawancin aikin nan na kai wa sojan ƙasa ɗauki ne, dole matuƙi ya yi ƙasa-ƙasa sosai, inda ko bindigar da ke hannun ƙaramin soja tana iya huda masa inji. Sau ɗari da ɗaya yana shiga yana fitowa.

Inda labarin ya fi daɗi ga mai son harkar jirage shi ne Biyetnam. A ƙarshen 1966 aka tura shi sansanin Ubon a ƙasar Tailan, ƙarƙashin tsohon abokin aikinsa Kanar Robin Olds, wanda suka yi zama tare a Ingila. A lokacin jiragen MiG-21 na Biyetnam ta Arewa sun addabi Amurkawa. Dabararsu mai sauƙi ce: su bari sai jiragen F-105 na Amurka sun taso da lodin bama-bamai, sun yi nauyi ba sa iya juyi, sai su faɗa musu su gudu. Idan kuwa suka hango jirgin Amurka da ake kira Phantom, wadda aikinta ke nan faɗa a sama, sai su ƙi tashi. Gwamnatin Amurka kuma ta hana a bi su a jefa musu bam a filayensu. Sai Olds da yaransa suka yi abin da maharbi ke yi da kan burtu. Suka ɗauki Phantom suka sa ta bi hanyar F-105, da gudunta, da tsayin da take tashi, da irin kalmomin da matuƙanta ke yi a rediyo, har da na'urar rikita rada da aka san F-105 ce ke ɗauke da ita. Ranar 2 ga Janairun 1967 MiG suka taso cin ganima suka tarar da masu jiransu. Amurka ta ce ta harbo bakwai ba ta rasa ko ɗaya ba. Chappie ne ya jagoranci rukuni na biyu da ya shiga. Shi da kansa bai harbo ko ɗaya ba a ranar, kuma wannan bai rage shi da komai a idona ba. Kanar ne mai shekara 46, yana iya zama a ofis ya tura yara, amma ya ɗaura ɗamara ya fita sau 78 kafin ya bar yankin.

To ga inda muka raba gari da abokina.

A wannan shekarar ta 1967, watanni uku bayan wancan tarko, Martin Luther King ya tsaya a wani coci a New York ya la'anci yaƙin Biyetnam. A watan nan dai Muhammad Ali ya ƙi shiga soja, aka ƙwace masa kambunsa, aka hana shi dambe a shekarun da ƙarfinsa ke kan ganiya. Su ma baƙaƙe ne, su ma jarumai ne. Suka dubi yaƙin suka ce zalunci ne. Chappie ya dube shi ya ce aikin ƙasa ne, kuma da ya dawo gida ya yi ta yawo yana faɗa wa matasa haka, yana sukar masu zanga-zanga da masu zafin ra'ayi a cikin baƙaƙe. Wasu daga cikin mutanensa suka kira shi ɗan amshin shatan Turawa. Ni ban yarda da wannan zagin ba, domin mutumin da ya sha wariya shekara da shekaru bai ajiye kaki ba, ba ya buƙatar wani ya koya masa ciwon baƙar fata. Ya zaɓi hanyarsa ce da idonsa biyu. Amma idan har zaɓi ne, to ina da damar in ce ban bi shi a kai ba. Waɗanda bama-baman suka sauka a kansu manoman shinkafa ne, kuma launin hannun da ya saki bam ɗin bai sauƙaƙa musu komai ba.

Sai kuma maganar Libiya, wadda ita ce ta fi taɓa ni. A watan Agustan 1969 aka naɗa shi kwamanda a sansanin Wheelus da ke gefen Tarabulus. Wuri ne babba, gari guda ne na Amurkawa da makarantarsu da asibitinsu, inda matuƙansu da ke Turai ke zuwa koyon jefa bam a sahara saboda sararin sama a buɗe yake kusan duk shekara. Ko wata guda bai cika ba, ranar 1 ga Satumba, wasu ƙananan hafsoshi suka kifar da Sarki Idris yana can Turkiyya neman magani. Jagoransu saurayi ne ɗan shekara 27, Mu'ammar Gaddafi. Cikin buƙatunsu na farko akwai cewa Amurka da Ingila su kwashe sojojinsu.

Labarin da ake yawo da shi, wanda daga bakin Chappie ya fito, shi ne cewa wata rana Gaddafi ya turo motoci masu sulke suka ratsa cikin sansanin a guje. Chappie ya rufe ƙofa ya fito ya tsaya. Suna magana sai ya ga hannun saurayin yana matsawa wajen ƙaramar bindigar da ke ƙugunsa. Ya ce masa ya ɗauke hannunsa daga nan, shi ma tasa tana ɗamara. Daga baya ya ce da Gaddafi ya yi gangancin zarowa, da ba ta kai ga fita daga kube ba. Gaddafi ya janye.

Amurkawa suna son wannan labari kamar me, kuma na gane dalili. Abokina ma da ya zo nan har da tura min alamar wuta. Na tambaye shi: ƙofar ta wa ce? Ƙasar ta wa ce? Baƙo raɓa ne, in ji Bahaushe, amma ga baƙo ya tare mai gida a bakin zaure da bindiga a ƙugu. Ba wai ina wanke Gaddafi ba ne, abin da ya yi wa 'yan adawarsa da maƙwabtansa na Chadi daga baya sananne ne. A wannan ranar dai, a kan wannan magana guda, shi ke da gaskiya. Kuma hakan aka yi: kafin shekarar ta fita an cimma yarjejeniya, ranar 11 ga Yunin 1970 aka sauke tutar Amurka. Wurin shi ne filin jirgin Mitiga na yanzu. Wanda ya bi yadda sojan Amurka suka tattara nasu ya nasu suka bar Agadas a 2024 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

In za a yi adalci, akwai abin yabo a nan ma, sai dai ba shi ake yaɗawa ba. Kwamanda ne da iyalai da yara a bayansa, ga sababbin masu mulki jininsu na tafasa. Harsashi ɗaya ya isa ya jawo abin da ba a san ƙarshensa ba. Bai harba ba, bai kuma bari aka wulaƙanta mutanensa ba. Wannan ya fi min labarin kube.

Yanzu ku duba lissafin da ya sa nake cewa a yi hattara da anini. Daga 1943 zuwa 1969, shekara 26 da yaƙi biyu, Kanar ya kai. A watan Maris na 1970 aka kira shi Ma'aikatar Tsaro aka ba shi aikin hulɗa da jama'a, wato shi ne mai fuskantar 'yan jarida da ɗalibai masu fushi yana kare manufar gwamnati. Daga nan sai anini suka fara zubowa kamar ruwan Agusta. Ranar 1 ga Satumban 1975, shekara shida cif da juyin mulkin Gaddafi, ya ɗaura na huɗu, aka ba shi rundunar NORAD da ke sa ido dare da rana ko Tarayyar Sobiyet za ta harbo makami mai linzami kan Amurka da Kanada. Aiki ne da ba a ba ragon mutum. Amma Olds, maigidansa na Ubon, wanda ya harbo jirage a yaƙi biyu, da anini ɗaya ya yi ritaya a 1973, domin shi bakinsa ba ya da linzami, yana faɗa wa manya a gaban idonsu cewa ba su koya wa matuƙa faɗan sama yadda ya kamata ba. Ɗaya ya yi magana da yawun gwamnati, ɗaya ya yi magana a kan gwamnati. Ban ce Chappie bai cancanta ba. Na ce gwamnatin da ke fama da fushin baƙaƙe a gida da baƙin jinin yaƙi a waje tana da bukatar fuska irin tasa, shi ma ya san haka, kowa ya samu abin da yake nema. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Bai daɗe a kujerar ba. Ciwon zuciya ya sa ya ajiye aiki a farkon Fabrairun 1978, kafin watan ya ƙare ya rasu yana da shekara 58. Ɗansa ya gaje shi a tuƙin jirgi har ya kai anini uku.

Da safen nan abokina ya sake turo saƙo, wai duk surutuna dai ban musa cewa namiji ne ba. Na ce ban musa ba. Ya ce to me ya rage? Na ce kalmar "namu" ce kawai nake so ya goge daga ƙarƙashin hoton. Har yanzu bai goge ba.